Zuwa ƙetare koyon homiyofati: Wane amfani zai yi wa marar lafiya a Ruwan Gizo?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero ya fitar da kai kuma ruwa ya kwanta a fadamu, zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara a Ruwan Gizo da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Talata Mafara a Jihar Zamfara. Haka abin yake a Bakura da Maradun, inda magudanan noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori ke ba sauro wurin hayayyafa har bayan ɗaukewar damina.

Idan jikin yaro ya yi zafi da dare, ba likita ne mutum na farko da uwa ke gani ba. Mai kemis ne, ko wanzami, ko ungozoma, ko ma'aikacin ƙaramin asibitin gari idan yana nan. Babban asibiti yana Talata Mafara, kuma tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, ba kowa ke yarda ya hau babur bayan magariba ba.

A irin wannan wuri, duk wanda ya dawo daga wata ƙasa riƙe da takardar shaidar koyon magani, maganarsa tana da nauyi. Za a kira shi Dakta tun kafin a karanta takardar. Shi ya sa ya kamata a duba wata hanya da ake tallatawa a intanet, wato tafiya ƙetare domin aikin sa-kai da koyon wani nau'in magani da ake kira homiyofati, a ga abin da ake koyowa da kuma abin da zai iya yi wa yaron da ke kwance da zazzaɓi.

Masu zuwa da masu tafiya

Tafiyar iri biyu ce. Akwai Turawa da ke barin ƙasashensu su zo Afirka su yi makonni ko watanni suna ba da wannan magani kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, suna kuma koyar da 'yan ƙasa. Akwai kuma 'yan Afirka da ke fita neman ilimin a wasu ƙasashe.

A ɓangaren farko, an kafa ƙungiyar Homéopathes Sans Frontières a Faransa a 1984, ta kuma yi aiki a ƙasashe irin su Benin da Togo da Burkina Faso. Sunanta ya yi kama da na ƙungiyar likitoci ta MSF wadda mutanen Zamfara suka sani, amma babu abin da ya haɗa su. A Botswana an kafa wani shiri a garin Maun. A Nairobi ta Kenya akwai gidauniyar Abha Light. A Ghana akwai shirin da ya yi aiki a ƙauyen Mafi Seva na yankin Volta. A Tanzaniya kuwa, wani fitaccen malamin homiyofati mai suna Jeremy Sherr ya koma ƙasar da zama a 2008, ya kafa ƙungiyar Homeopathy for Health in Africa mai cibiya a garin Moshi, wadda ke duba masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Irin waɗannan ƙungiyoyi na karɓar ɗalibai da masu sa-kai daga waje, kuma yawanci mai zuwa shi ke biyan kuɗin jirginsa da na masauki.

A ɓangare na biyu, Indiya ce kan gaba. Homiyofati ya shiga can tun ƙarni na 19, kuma a 1839 wani likita Bature, John Martin Honigberger, ya yi wa Sarki Ranjit Singh magani da shi a birnin Lahore. A yau gwamnatin Indiya na da ma'aikata sukutum mai suna AYUSH, wadda aka kafa a 2014 domin kula da magungunan da ba na asibiti ba, har da homiyofati. Digirin farko na wannan fanni, wanda ake kira BHMS, yana ɗaukar shekara biyar da rabi, ciki har da shekara guda ta gwajin aiki. Babbar cibiyar koyar da shi ta ƙasa tana birnin Kolkata, an kafa ta a 1975, kuma gwamnatin Indiya na ba ɗaliban wasu ƙasashe tallafin karatu a fannin. Pakistan ma na da kwalejojinsa, haka nan Afirka ta Kudu, inda ake koyar da shi a jami'o'i a Durban da Johannesburg.

Ke nan makarantun na gaske ne, takardun ma na gaske ne. Abin da ya rage shi ne a san maganin kansa.

Mene ne homiyofati?

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya kuma rasu a birnin Paris a 1843, shi ya ƙirƙiro wannan hanya. A 1790, yana cikin fassara wani littafin magunguna, sai ya gwada shan ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin na maganin zazzaɓin cizon sauro. Ya ce bayan ya sha, ya ji alamomi irin na zazzaɓin. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa abin da ke haifar da wata alama a jikin mai lafiya, shi ne zai warkar da wannan alama a jikin marar lafiya. Ya bayyana ra'ayin a rubuce a 1796, sannan ya fitar da babban littafinsa, Organon, a 1810.

A bisa wannan ƙa'ida, tunda albasa na sa hawaye da yoyon hanci, da ita ake haɗa maganin mura. Tunda gahawa na hana barci, da ita ake haɗa maganin rashin barci.

Ƙa'ida ta biyu ita ce tsarma abin da ruwa ko barasa. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99, a girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne mataki na farko, ana rubuta shi 1C. Sai a ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan haɗin a sake zuba shi cikin wasu ɗigo 99, a girgiza, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi. Matakin da aka fi gani a jikin kwalabe shi ne 30C, wato an maimaita sau 30. A ƙarshe sai a ɗiga ruwan a kan ƙananan ƙwayoyin sukari, su ne marar lafiya zai tsotsa.

Domin a gane girman wannan tsarmi, a ɗauki madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Idan aka ɗiga ɗigo ɗaya tak na wani magani a cikinta lokacin da take cike, aka gauraya shi ya game ko'ina, tsarmin da aka samu bai wuce wajen 8C ba. Kafin a kai 30C, sauran matakai 22, kowanne yana sake rage abin sau ɗari. Masana ilimin sinadarai sun nuna cewa da an wuce 12C, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin da aka fara da shi. Masu homiyofati ba su musanta wannan lissafi ba. Abin da suke cewa shi ne girgizawar na sa ruwan ya riƙe tasirin abin da ya taɓa shiga cikinsa. Har yanzu ba a tabbatar da wannan da'awa a gwajin kimiyya ba.

Ba maganin gargajiya ba ne

A nan ne ake yawan samun ruɗani. Mutane da dama na ɗaukar homiyofati a matsayin maganin itatuwa, kamar wanda 'yar mai ganye ke sayarwa ranar kasuwar Talata Mafara, ko kamar zuma da habbatus sauda da ake samu a shagunan magungunan Musulunci. Ba haka ba ne.

Saiwa ko sassaƙe ko ganyen da aka jiƙa yana da sinadarai a cikinsa, waɗanda za su iya amfani, za su kuma iya cutarwa idan aka wuce kima. Da yawa daga cikin magungunan asibiti ma daga tsirrai aka samo su. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Sinadarin atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade aka ciro shi, kuma a kan wannan aiki ne 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. A Najeriya ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin Niprisan na masu ciwon sikila daga tsirran gida.

Ƙwayar homiyofati ta 30C kuwa, abin da za a iya aunawa a cikinta sukari ne. Wanda ya je Kolkata ko Moshi ba ilimin tsirrai zai koyo ba. Wata hanya ce dabam da aka ƙirƙira a Jamus shekaru sama da 200 da suka wuce.

Abin da bincike ya gano

An gwada wannan magani sau da yawa, ta hanyar da ake gwada kowane magani: a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba tare da sun san wanda aka ba su ba, sannan a kwatanta sakamako.

A 2005 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani nazari da ya kwatanta gwaje-gwaje 110 na homiyofati da wasu 110 na magungunan asibiti. Sakamakon shi ne, a manyan gwaje-gwajen da aka yi da kyau, tasirin homiyofati bai bambanta da na ƙwayar wofi ba. A 2010 kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar dokokin Birtaniya ya cim ma irin wannan matsaya. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta fitar da rahoto bayan dogon nazari, inda ta ce babu wata cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar shaida cewa homiyofati na warkar da ita.

Gwamnatoci sun bi da aiki. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda ake da babban kamfanin haɗa shi a duniya, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun daga Janairun 2021.

Maganar da ta fi shafar Afirka ta fito ne a 2009. Wasu matasan likitoci da masu bincike daga Birtaniya da ƙasashen Afirka sun rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suna nuna damuwa kan yadda ake tallata homiyofati a nahiyar. A watan Agustan shekarar hukumar ta amsa cewa ba ta amince a yi amfani da shi ba wajen maganin cututtuka biyar: zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, mura mai tsanani da gudawar jarirai.

Masu wannan hanya na da amsarsu. Suna cewa irin waɗancan gwaje-gwaje ba su dace da tsarinsu ba, domin su kowane marar lafiya maganinsa daban ne. Ƙungiyar da ke Moshi ta ce tana aiki ne tare da magungunan asibiti na rage kaifin cutar, ba a madadinsu ba. Sai dai an yi gwaje-gwajen da aka zaɓar wa kowane marar lafiya nasa maganin, su ma ba su samar da hujjar da ta gamsar da hukumomin lafiya ba.

Abin da ya faru a Ganta

A watan Oktoban 2014, lokacin da annobar Ebola ke kashe dubban mutane a Laberiya da Saliyo da Gini, wasu masu homiyofati huɗu daga ƙasashe daban-daban sun sauka a garin Ganta na arewacin Laberiya da nufin gwada magungunansu a kan masu cutar. Hukumomin lafiya suka hana su taɓa masu Ebola. Suka yi 'yan makonni suna duba wasu marasa lafiyar, suka koma.

Babu wanda ya yi shakkar ƙarfin halinsu, domin shiga Laberiya a wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Abin da aka ƙi shi ne a gwada abin da ba a tabbatar ba a kan mutanen da ke bakin mutuwa.

Arewacin Najeriya ya san zafin irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 sun mutu, aka shafe shekaru ana shari'a, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da abin ya bari na cikin dalilan da suka sa wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Trovan maganin asibiti ne, ba homiyofati ba, amma darasin ɗaya ne: duk wanda zai ba talaka magani, ɗan gida ne ko baƙo, ya kamata a tambaye shi hujjarsa da izininsa.

Darasin gubar dalma

Zamfara ta taɓa ganin yadda taimakon masu zuwa daga ƙetare ke ceton rai. A watan Maris na 2010, ma'aikatan MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka aika jininsu ɗakin gwaji, sai aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu.

Abubuwa uku suka dakatar da mutuwar. Na farko, auna jinin yara domin sanin yawan dalmar. Na biyu, wani magani mai suna DMSA da ke kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Na uku, kankare gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje a zubo sabuwa, aikin da injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatan jiha da mutanen ƙauyukan. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka tsaftace ta, bayan masu fafutuka sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022, ta auna jinin yara sama da 8,000, sama da 3,500 kuma sun sha maganin fitar da gubar.

Kowane mataki a wannan aiki ana iya auna shi. Ana sanin yawan dalmar da ke jinin yaro kafin magani, ana sake aunawa bayan magani, a ga ta ragu ko ba ta ragu ba. A jerin magungunan homiyofati kuwa, ita kanta dalma tana ciki, da sunan Plumbum, an tsarma ta har ta ɓace. Ba za ta ƙara wa yaro guba ba, ba kuma za ta cire wadda ke jininsa ba.

Akwai wani abin lura. MSF ba ta ɗaukar wanda zai koyi aiki a kan marasa lafiya. Tana neman wanda ya gama karatunsa, yana da lasisi, ya kuma yi aƙalla shekara biyu yana aiki. Mafi yawan ma'aikatanta ma 'yan ƙasar da take aiki ne, kamar yadda ake gani a sashen kula da yara masu tamowa da take tallafa wa a babban asibitin Talata Mafara.

Haɗarin yana cikin jinkiri

Ƙwayar sukari ba ta kisa. Abin tsoro shi ne lokacin da take cinyewa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu idan bai sami allurar atesunet ba. Amai da gudawa na iya zuƙe ruwan jikin mutum cikin sa'o'i. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda rahotannin WHO ke nunawa, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa.

Halin da jihar ke ciki ya ƙara wa lamarin nauyi. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. A shekarar kuma MSF ta ce gwajin da aka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Yaron da yunwa ta riga ta raunana ba ya jure kwana biyu na jira.

A birnin Landan ko Paris, wanda ya sha homiyofati bai ji sauƙi ba, asibiti na kusa, motar ɗaukar marasa lafiya na zuwa cikin mintuna. A ƙauyen da ke nesa da titin Gusau zuwa Sakkwato, kuɗin da aka kashe a wurin mai magani na farko sau da yawa shi ne kuɗin da za a hau mota da shi zuwa asibiti.

Takarda da doka

Homiyofati ba baƙo ba ne a Najeriya, sai dai ya fi kafuwa a kudu. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyar masu yin sa, aka kuma buɗe kwalejinsa a Enugu a 1972. Doka ta ɗora wa Majalisar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, alhakin yi wa masu irin wannan aiki rajista, a wani rukuni dabam da na likitocin asibiti. NAFDAC ce ke da alhakin rajistar magungunan da ake sayarwa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma na da sashe na musamman mai kula da magungunan gargajiya da makamantansu.

Abin da wannan ke nufi ga matashin da iyayensa za su sayar da shanu ko gona domin tura shi Indiya shi ne, digirin BHMS ba daidai yake da digirin likita na MBBS ba. Ba zai ba shi damar aiki a matsayin likita a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ba. Takardar kwas ɗin makonni da aka samo a wurin aikin sa-kai kuwa ba lasisin komai ba ce.

Ko a cikin gida an taɓa samun matsala. A 2010 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rufe kwalejin tarayya ta koyar da irin waɗannan magunguna da ke Abuja, bisa dalilin tana ba da digirin da ba a amince mata ta bayar ba. Ɗaliban da ke ciki ne suka fi kowa asara. Kafin a biya kuɗin kowace makaranta, ta gida ko ta waje, ya kamata a tambayi hukumar da za ta ba da lasisi ko ta amince da takardarta.

Me ya sa mutane ke son sa?

Duk da haka, miliyoyin mutane a Indiya da Turai da Kudancin Amurka na shan wannan magani, da yawansu kuma na rantsuwa cewa sun ji sauƙi. Ba ƙarya suke yi ba. Cututtuka da yawa, kamar mura da ƙananan ciwon jiki, suna warkewa da kansu. Mutum kan nemi magani ne lokacin da ciwo ya kai ƙololuwa, don haka duk abin da ya sha a lokacin shi zai sami yabo. Sa rai da samun kulawa su ma na rage jin raɗaɗi.

Tarihi ma ya taimaka wa Hahnemann. A zamaninsa likitocin Turai na tsiyaye jinin marar lafiya, suna ɗura masa sinadarai masu guba. Wanda aka ba ƙwayar sukari da ruwa da hutu sau da yawa ya fi wanda aka tsiyaye wa jini tsira. Amma wancan zamani ya wuce tun da aka gano ƙwayoyin cuta, aka samar da rigakafi da magungunan kashe su.

Abu ɗaya da hatta masu suka ke yaba wa mai homiyofati shi ne lokacin da yake ba marar lafiya. Zaman farko kan kai sa'a guda ko fiye, ana tambayar mutum barcinsa da cimarsa da damuwarsa. A asibitin gwamnati inda ma'aikaci ɗaya ke fuskantar dogon layi, mintuna kaɗan ake samu, wani lokaci har da tsawa. A yankin da mutane suka ga kisa da garkuwa da ƙaura, samun wanda zai zauna ya saurara ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wannan hali ba sai an je Kolkata ake koyon sa ba, kuma ya fi amfani idan mai sauraron na da na'urar gwajin zazzaɓi da maganin gaske a jakarsa.

Hanya mafi kusa

Ga matashi ko matashiyar Ruwan Gizo, ko Bakura, ko Maradun da ke son yi wa mutanensu hidima ta fannin lafiya, akwai hanyoyin da ba sa bukatar fasfo. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe na horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, ƙaramin kwas shekara biyu, babba shekara uku, kuma akwai hukumar ƙasa da ke ba su lasisi. A Gusau akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Mai burin zama cikakken likita kuma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta na nan Sakkwato.

Aikin sa-kai ma yana nan a ƙofar gida. Tun 2012 WHO ta amince da ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata a lokacin damina, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Zamfara na cikin jihohin da ake wannan rabo, kuma 'yan gari ne ke bi gida-gida suna bayarwa bayan horon 'yan kwanaki. Haka nan koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari na gudawa, da auna damtsen yaro da zare mai launi domin gano tamowa tun da wuri, da sanin alamomin da ke nuna cewa a tafi asibiti yanzu ba sai da safe ba: jijjiga, kasa shan nono, yawan amai, numfashi da sauri, ko barcin da aka kasa tayar da yaro daga shi.

Ga iyalin da wani ya zo musu da ƙananan fararen ƙwayoyi a kwalba, tambayoyi uku sun isa. Mene ne a ciki? Wace hukuma ce ta ba mai bayarwar lasisi? Idan zazzaɓi ne, an gwada jinin yaron? Ma'aikacin lafiya na ƙwarai ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, kuma gwajin jinin da ake yi da tsinken roba bai wuce minti 20 ba ya nuna sakamako.